Tambayoyi da Amsoshi Kan Harhaɗa Kanel ɗin Linux Don Ƙananan Na'urori

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin matasanmu na Nima, Mamobi, Sabon Zango da Madina masu koyon aikin ƙananan kwamfutocin da ake dasawa a cikin wasu na'urori: rauta, kyamarar tsaro, injin karɓar kuɗi, mitar ruwa, da famfon burtsatse mai aiki da sola. Yawancin misalan a kan furosesar ARM suke, domin ita ce ta cika hannun mutane a nan Accra.

Malam, mene ne kanel, kuma me zai sa in wahalar da kaina wajen harhaɗa nawa alhali akwai wanda aka riga aka haɗa?

Kanel shi ne sashen manhajar da ke tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajoji. Shi yake raba wa kowane aiki lokacinsa a kan furosesa, ya raba RAM, ya yi magana da katin SD da USB da kebul ɗin sadarwa. Na Linux, Linus Torvalds ne ya fara rubuta shi a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, yau kuma yana ɗauke da zaɓuɓɓuka dubbai da ake kunnawa ko kashewa kafin a harhaɗa shi.

Idan Raspberry Pi ne a hannunka kuma koyo kawai kake yi, kanel ɗin da ya zo da shi ya ishe ka. Buƙatar harhaɗa naka tana tasowa ne idan filash ɗin na'urar ƙarami ne, ko akwai wata na'ura da ka jona ba ta da direba, wato manhajar da kanel ke magana da ita ta hanyarta, ko kana so ta tashi cikin daƙiƙu kaɗan. Babban dalili a wajena kuwa shi ne wurin da na'urar za ta zauna. Wanda ya haɗa kanel ɗin a Turai bai san za a ɗaure bod ɗin a cikin akwatin ƙarfe a kan rufin kwano a Fadama ba, inda wuta za ta iya ɗaukewa sau da yawa a yini guda kuma babu mai hawa ya sake kunna shi. Kai ka sani, don haka zaɓin ya rataya a wuyanka.

Daga ina zan fara?

Daga abu uku: lambar tushen kanel, kayan harhaɗawa na irin furosesarka, da fayil ɗin defconfig na bod ɗinka, wato jerin zaɓuɓɓukan da aka riga aka shirya masa. Ba a kan bod ɗin ake harhaɗawa ba, a kan kwamfutarka ake yi, shi ya sa dole ka gaya wa make abu biyu a kowane umarni:

make ARCH=arm CROSS_COMPILE=arm-linux-gnueabihf- sunxi_defconfig

ARCH yana nuna folda da za a shiga a cikin arch/, CROSS_COMPILE kuma shi ne farkon sunan kwamfailar da za ta fitar da lambar da furosesar ke ganewa. Idan ka bar su, make zai ɗauka kanel ɗin kwamfutarka kake so, ya sake rubuta .config ɗinka, fayil ɗin da zaɓinka yake ciki, da zaɓuɓɓukan x86, irin furosesar kwamfutar tebur. Ka yi export ɗinsu tun farko ka huta.

sunxi_defconfig na bod-bod masu Allwinner ne, irin su Orange Pi. BeagleBone Black yana tafiya da omap2plus_defconfig. Raspberry Pi 4 yana da bcm2711_defconfig a tushen kanel na masu ƙera shi. Akwai kuma multi_v7_defconfig da ke ɗaukar bod da yawa lokaci guda. Kada ka fara da .config wanda ba kowa a ciki. Ka harhaɗa defconfig yadda yake, ka tabbatar bod ya tashi, sannan ka fara canji ɗaya-ɗaya, kana gwadawa bayan kowanne.

Ai duk ARM ne. Me ya sa kanel ɗin wannan bod ya ƙi aiki a wancan?

ARM zuriya ce mai yawa. An fara ƙera ta a kamfanin Acorn da ke Cambridge a Ingila, ta farko ta yi aiki a 1985, kuma tun daga nan tsara-tsara ake fitarwa. Raspberry Pi na farko, na 2012, da Pi Zero suna da ARM11, wato ARMv6. BeagleBone Black yana da Cortex-A8, Allwinner H3 kuma yana da Cortex-A7 guda huɗu, duka biyun ARMv7. Pi 4 yana da Cortex-A72, ARMv8 mai bit 64, wanda ARCH ɗinsa arm64 ne, kwamfailarsa aarch64-linux-gnu-. Lambar da aka harhaɗa don ARMv7 tana da umarnin da ARMv6 bai sani ba. Idan kanel ne, zai tsaya cak. Idan manhaja ce ta sama, za ka ga "Illegal instruction".

Ka kula da haruffan hf da ke ƙarshen gnueabihf. Suna nufin manhajojinka za su yi lissafi da sashen VFP na furosesa, mai lissafin lambobi masu ɗigo, kai tsaye, saboda haka dole CONFIG_VFP ya kasance a kunne, da CONFIG_NEON idan furosesar tana da shi, da CONFIG_AEABI. In ba haka ba kanel zai tashi lafiya, amma manhajar farko da ya kira ta faɗi.

Rautocin da ake samu na hannu kuwa, da yawansu ba ARM ba ne, MIPS ne. A nan ma akwai rarrabuwa a yadda ake jera bayit a ma'ajiya: Atheros AR9331 yana fara da babban bayit, MediaTek MT7628 kuma da ƙarami. Karanta rubutun da ke kan guntun da kanka, da tabarau mai ƙara girma idan ya dushe, kafin ka sauke komai.

Mene ne bambancin y da m da n?

Idan ka buga make menuconfig za ka ga shuɗin allo da jerin zaɓuɓɓuka. Tauraro a cikin baka shi ne y: abin yana cikin jikin kanel. M yana nufin mojul, fayil daban mai ƙarewa da .ko wanda ake lodawa bayan an tashi. Wanda babu komai a cikinsa shi ne n, ba a harhaɗa shi sam.

Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce: duk abin da kanel ke buƙata kafin ya buɗe wurin da fayilolinka suke, dole ya zama y. Direban MMC mai karanta katin SD da na tsarin fayilolin ext4 misali, idan tsarinka a katin SD yake. Idan ka sa su m, mojul ɗin yana cikin katin da ake son buɗewa, ka kulle makulli a cikin ɗaki ke nan. Abin da za ka gani shi ne "VFS: Unable to mount root fs". Ana iya kauce wa wannan da initramfs, ɗan tsarin fayiloli da ake lodawa a RAM tare da kanel, amma a ƙaramar na'ura ƙarin kaya ne kawai. Ka ƙara rootwait a layin umarnin kanel kusa da root=/dev/mmcblk0p2, domin katin yakan ɗan makara kafin ya bayyana. Ka kunna CONFIG_DEVTMPFS da CONFIG_DEVTMPFS_MOUNT su cika maka /dev.

A na'urar da kayanta ba za su taɓa canzawa ba, ni na fi son komai y, a kashe CONFIG_MODULES gaba ɗaya. Direban Wi-Fi mai neman fayil ɗin firmware daga diski ne kawai yakan fi sauƙi a matsayin m.

Na nemi wani zaɓi a menuconfig ban gan shi ba. Na rubuta shi da hannu a .config, ya ɓace.

Ba ɓacewa ya yi ba, Kconfig ne ya cire shi domin abin da ya dogara a kansa yana kashe. A cikin menuconfig danna / ka rubuta sunan. Zai nuna maka layin "Depends on" da matsayin kowane sharaɗi, ka ga wanda yake n ka je ka kunna shi. Wanda ka gani da -*- kuma wani zaɓin ne ya tilasta shi, ba ya kashuwa sai ka kashe wancan.

Idan ka gama, buga make savedefconfig. Zai ba ka ɗan gajeren fayil mai ɗauke da abin da ya bambanta da na asali kawai. Shi za ka adana a git. Idan za ka koma sabon kanel, make olddefconfig zai cike sabbin zaɓuɓɓuka. CONFIG_IKCONFIG da CONFIG_IKCONFIG_PROC kuma suna ajiye kwafin zaɓinka a /proc/config.gz a cikin na'urar kanta, abin da zai yi wa wanda ya gaji aikinka rana.

Yaya, na kunna bod, ya rubuta "Starting kernel ..." ya yi shiru. Ya mutu ne?

Da wuya. Wannan layin U-Boot ne ya rubuta shi, wato manhajar da ke loda kanel idan an kunna bod, shi ne kalmarsa ta ƙarshe kafin ya miƙa wa kanel ragama. Sau da yawa kanel yana can yana aiki, maganarsa ce ba ta isowa gare ka.

Da farko, ba a wannan aiki ba tare da kebul ɗin USB zuwa UART ba, wanda ta cikinsa bod ke aiko rubutunsa zuwa kwamfutarka. Idan ka shiga Zongo Lane neman kayan lantarki ka tambayi mai guntun CP2102 ko CH340 ko FT232, ka tabbatar yana aiki da volt 3.3, domin volt 5 zai iya ƙona ƙafar furosesa. Waya uku kawai ake jonawa. Ƙasa (GND) ta kebul da ƙasa ta bod, TX na kebul zuwa RX na bod, RX na kebul zuwa TX na bod. Jar wayar wuta ka naɗe bakinta da salatif ka bar ta gefe. A Raspberry Pi, ƙasa ƙafa ta 6 ce, TX ta 8, RX ta 10. Buɗe minicom ko picocom a kan gudun 115200. Idan tarkacen alamomi kake gani maimakon haruffa, gudun ne bai dace ba. Idan babu komai ko na U-Boot, musanya wayoyi biyun nan.

Tun da kana ganin rubutun U-Boot, kebul ɗinka lafiya yake. Saura abu uku. Na ɗaya, sunan da ke cikin console=: wani bod ttyS0 ne, wani ttyAMA0, na i.MX kuma ttymxc0. Na biyu, direban UART ɗin da zaɓin console ɗinsa, misali CONFIG_SERIAL_8250 tare da CONFIG_SERIAL_8250_CONSOLE. Mutane kan kunna na farko su bar na biyu. Na uku, fayil ɗin dtb, mai gaya wa kanel kayan da ke kan bod, idan ba na bod ɗin ba ne. Ƙara earlycon a layin umarni don kanel ya fara magana tun da wuri. Idan har yanzu shiru, a ARM mai bit 32 akwai CONFIG_DEBUG_LL da CONFIG_EARLY_PRINTK, masu rubutu kai tsaye a adireshin UART. Amma adireshin na guntu ɗaya ne tak, don haka da zarar ka gano matsalar ka kashe su, kada kanel ɗin ya maƙale a wani bod.

Na kunna direba amma na'urar ba ta bayyana ba. Me ya rage?

Bishiyar na'urori. A kwamfutar tebur, kayan USB da PCI suna gabatar da kansu. A ƙaramin bod kuwa abin da ke kan I2C ko SPI ba ya faɗin sunansa, sai an gaya wa kanel cewa akwai kaza a adireshi kaza. A da ana rubuta wannan da yaren C, fayil guda ga kowane bod, har foldar ARM ta cika ta batse, Torvalds ya nuna ɓacin ransa a fili a 2011. Daga nan aka koma fayilolin dts, inda ake rubuta wannan bishiya sannan a harhaɗa su su zama dtb, kuma a Linux 3.7, ƙarshen 2012, kanel ɗaya ya fara iya tashi a kan guntaye daban-daban. A wannan fitowar ce ma arm64 ya shigo.

Saboda haka abu biyu ne ke tafiya tare. Zaɓin CONFIG yana kawo direba, dts yana cewa na'urar tana nan. Abin da ke haɗa su shi ne layin compatible, kuma dole ya yi daidai da na cikin direban harafi da harafi. Duba kuma layin status: da yawa suna zuwa a "disabled", sai ka mayar "okay". Bayan gyara, make dtbs, ka kwafe sabon dtb zuwa katin.

Duk lokacin da aka ɗauke wuta sai katin SD ya lalace. Akwai zaɓin da ke maganin wannan?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga mai aiki a ƙasar da ta san dumsor, wato yawan ɗauke wuta, kuma ita ce aka fi yi wa sakaci.

ext4 yana da kundin da yake rubuta niyyarsa kafin ya aikata, wanda ke taimaka masa ya farfaɗo. Amma a cikin katin SD akwai wata 'yar furosesa da ke jujjuya bayanai tsakanin sassan filash ba tare da sanin kanel ba. Idan wuta ta yanke tana tsakiyar wannan aiki, abin da ka rubuta tun watan jiya ma zai iya salwanta. Katin jabu ya fi muni, kuma suna da yawa a kasuwa.

Maganin shi ne a daina rubutu a inda tsarin yake. Kunna CONFIG_SQUASHFS ka mayar da tushen fayiloli na karantawa kawai. Yana kuma matse su su ragu. Abin da dole a rubuta na ɗan lokaci, irin su /tmp da /var/log, ya tafi tmpfs a cikin RAM. Idan wata manhaja ta nace sai ta rubuta a /etc, CONFIG_OVERLAY_FS, wanda ya shigo a 3.18, zai shimfiɗa mata wurin rubutu a sama ba tare da taɓa na ƙasa ba. Bayanan da ake son adanawa, kamar litar ruwan da aka sayar, a ware musu ƙaramin sashe daban, a riƙa kiran fsync bayan kowane rubutu. Idan ɗanyen NAND ne a bod ɗin, UBI da UBIFS aka yi dominsa. Ƙaramin NOR kuma JFFS2.

Sai mai gadi. CONFIG_WATCHDOG da direban guntunka suna ba ka wani agogo na ƙarfe wanda dole manhaja ta riƙa taɓa shi ta /dev/watchdog. Idan ta daskare ta daina, shi zai sake kunna bod ɗin. CONFIG_WATCHDOG_NOWAYOUT yana hana a kashe shi bayan an tayar. Akwai na manhaja zalla, softdog, amma idan kanel ɗin kansa ya daskare yakan daskare tare da shi. Ƙara panic=10 a layin umarni, don idan kanel ya faɗi ya sake tashi bayan daƙiƙa goma. Ka tuna wanda ya ba ka kwangilar famfo a Ashaiman ko Kasoa: duk tsayawar na'ura layin mata ne da jarkoki, kai kuma kuɗin trotro da yini guda a cunkoso.

Agogo ma yana cikin wannan babi. Raspberry Pi kafin na 5 ba shi da agogo mai batir, idan ya tashi babu intanet bai san kwanan wata ba, takardun shaidar tsaro na yanar gizo kuma sai su ƙi karɓuwa. Ɗan guntun DS3231 a kan I2C ya wadatar. Direbansa yana ƙarƙashin CONFIG_RTC_DRV_DS1307, sai CONFIG_RTC_HCTOSYS ya saita lokaci tun a tashi.

Zafi fa?

Kunna CONFIG_THERMAL, CONFIG_CPU_FREQ, CONFIG_CPU_THERMAL da direban ma'aunin zafin guntunka, don kanel ya rage gudu idan ya yi zafi. Karanta /sys/class/thermal/thermal_zone0/temp: 62000 na nufin digiri 62. Ka auna da azahar a watan Maris, akwatin a rufe, a wurin da za a girka shi. Awon da aka yi a shago ƙarƙashin fanka ba ya gaya maka komai. Gwamnan performance yana riƙe furosesa a ƙololuwar gudu kullum. Ga na'urar da ke kan batirin sola, schedutil ko ondemand sun fi dacewa.

Filash ɗina megabayit 8 ne kacal. Yaya zan rage girman kanel?

CONFIG_CC_OPTIMIZE_FOR_SIZE yana sa kwamfaila ta fifita ƙanƙanta. A ARMv7, CONFIG_THUMB2_KERNEL yana amfani da gajerun umarni. CONFIG_KERNEL_XZ ya fi gzip matsewa amma ya fi jinkirin warwarewa, LZ4 kuma akasin haka. Ribar da ta fi yawa dai tana wajen cire abin da babu shi a bod ɗinka: sauti, allo, Bluetooth, direbobin katunan sadarwa na wasu guntaye, tsarin fayilolin da ba ka amfani da su. Idan furosesar ɗaya ce, kashe CONFIG_SMP. Amma ka bar printk. 'Yan kilobayit ɗin da za ka samu ba su kai darajar saƙon da zai gaya maka abin da ya faru ba.

Ga rauta, OpenWrt ya riga ya yi yawancin wannan aiki tun 2004. Ga naka bod, Buildroot zai haɗa maka kwamfaila da kanel da BusyBox a wuri guda, kuma ya fi Yocto sauƙin koyo.

Bod ɗina yana da RAM gigabayit 1 amma free yana nuna ƙasa da haka sosai.

A bit 32 adireshi gigabayit 4 ne gaba ɗaya, kuma bisa al'ada uku na manhajoji ne, ɗaya na kanel, wanda ba duka ne ake iya ba RAM ba. Kunna CONFIG_HIGHMEM ko ka koma CONFIG_VMSPLIT_2G. Duba kuma abin da CMA, mai ware RAM a jere don direbobi, da sashen hoto suka keɓe wa kansu.

Zan iya sa Linux a kan STM32?

A wasu, i. Cortex-M da ke cikin yawancinsu ba shi da MMU, sashen da ke ba kowace manhaja nata filin adireshi. Linux yana iya tafiya da CONFIG_MMU a kashe, gadon aikin uClinux, amma sai da RAM na waje mai megabayit da dama, babu fork, kuma manhaja ɗaya tana iya tattake ma'ajiyar wata. Idan aikin karanta ma'auni ne da kunna rile, FreeRTOS ko Zephyr sun fi dacewa. Ba kowace na'ura ce ke buƙatar Linux ba.

Ina so na'ura ta amsa nan take. In ɗaga HZ zuwa 1000?

HZ yawan bugun agogon kanel ne a daƙiƙa, kuma ɗaga shi ba ya ba da tabbacin amsa a kan lokaci. Abin da kake nema yana cikin zaɓin PREEMPT, wato yadda aiki mai gaggawa ke iya katse wanda ke gudana. PREEMPT_RT, wanda ya yi shekaru a matsayin faci na waje, ya shiga babban kanel a 6.12 a watan Nuwamba 2024, a lokacin don x86 da arm64 da RISC-V. Ka auna da cyclictest yayin da na'urar ke ɗauke da aikinta na gaske. Idan sarrafa injin lantarki mai juyawa ne mai buƙatar daidaito na ƙasa da milisekan, sa ƙaramar furosesa daban ta yi wannan, Linux ya riƙa ba ta umarni.

Modem ɗin da na sa wa layin MTN ko Telecel yana bayyana kamar faifan CD.

Haka da yawansu suke zuwa, sai usb_modeswitch ya juya su. A ɓangaren kanel kana buƙatar CONFIG_USB_SERIAL_OPTION don ttyUSB su fito, sannan PPP, ko cdc_ether, ko qmi_wwan, gwargwadon irin modem ɗin. lsusb zai ba ka lambobinsa biyu, ka neme su a cikin drivers/usb/serial/option.c. Idan yana yankewa duk lokacin da zai aika bayanai, duba caja kafin ka zargi kanel, domin modem yana fizgar wuta sosai.

Mai sayar da bod ya ba ni tsohon kanel na jerin 3 ko 4. In zauna a kansa?

Ka fara da shi don ka tabbatar kowane sashe na bod ɗin yana aiki, sannan ka duba ko babban kanel na kernel.org ya san guntun. Idan ya sani, koma ɗaya daga cikin masu alamar longterm, waɗanda ake ci gaba da toshe musu ramukan tsaro. Na'urar da ke kan intanet ko take taɓa kuɗin mutane bai kamata ta zauna a kan kanel ɗin da aka daina kulawa da shi ba. Linux yana ƙarƙashin lasisin GPL na 2, saboda haka kana da haƙƙin neman lambar tushe daga wanda ya sayar maka, kuma wanda kai ka sayar wa yana da irin wannan haƙƙi a kanka.

Akwai kuma ranar 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 3:14 na dare agogon GMT, wanda shi ne agogonmu na Ghana. A lokacin ne ma'aunin daƙiƙu mai bit 32 da ke ƙirgawa tun 1970 zai cika ya juya baya. Daga Linux 5.6 na 2020 kanel ya shirya wa wannan a furosesa mai bit 32, amma sai laburaren C da manhajoji ke dogara da shi ma ya shirya: musl daga 1.2, glibc daga 2.34 idan an harhaɗa manhajoji da lokaci mai bit 64. Mitar da ka girka bana tana iya kaiwa wannan rana tana aiki. Don ka gwada, kashe CONFIG_COMPAT_32BIT_TIME, ka tura agogon bod ɗin zuwa 2039, ka ga manhajar da za ta faɗi.